Kogin Kwara: Tafiyarsa, Cikarsa da Halittun da Suka Dogara da Shi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yanayin Kogin Kwara, watau kogin da Turawa suke kira Neja, tun daga mafarinsa har mashigarsa cikin teku, sa'an nan ta nuna yadda rayuwar kifaye da tsuntsaye da namun dajin da ke tare da shi ta rataya a kan cikowar ruwansa da janyewarsa a kan kari. Yawancinmu a gutsure muka san kogin. Mutumin Yamai ya san wanda ke wucewa ta ƙarƙashin Gadar Kenedi, Bayawuri ya san mai gungu-gungu da ke ƙofar gidansa, fatake masu zuwa Kurmi kuwa sun san na Jaba da na Lakwaja. Ba kowa ne ke lura da cewa ruwan da ke isowa Yawuri a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu a ƙasar Hausa, ruwan damina ne da ya zuba a duwatsun Gini wata biyar ko shida da suka wuce ba. Wannan jinkiri shi ne mabuɗin fahimtar kogin, kuma a kansa ne mafi yawan bayaninmu zai tsaya.

Akwai kalma guda da ya kamata a daidaita kafin a ci gaba. Masana labarin ƙasa suna da suna na musamman ga wurin da kogi ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya rarrabu rassa-rassa, sukan ce delta. Kwara yana da irin wannan wuri har biyu. Na bakin teku ya riga ya shiga bakin jama'a da sunan Neja Delta, saboda haka za a bar shi yadda yake. Na biyun yana tsakiyar ƙasar Mali, shi kuwa za mu kira shi Fadamar Masina, domin kalmar fadama ta fi kusa da abin da Bahaushe zai gani in ya je wurin.

2.0 Suna da Hanyar Kogin

Tsawon Kwara ya kai kimanin kilomita 4,200, watau shi ne na uku a Afirka, bayan Nilu da Kwango. Faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, mazauna cikinta kuwa sun fi mutum miliyan 100. Kowace al'umma da sunan da ta raɗa masa. Bambarawa da 'yan'uwansu suna ce masa Joliba, Zabarmawa suna cewa Isa Beri, watau babban kogi, Nufawa suna cewa Edu, Yarabawa Oya, mu kuwa Kwara ko Kuwara. Abzinawa suna yi masa kirari da kogin koguna, egerew n-igerewen a harshensu, kuma masana da yawa suna ganin daga nan ne sunan Neja ya samo asali, wanda daga bisani ƙasashe biyu, Nijeriya da Nijar, suka ci sunansa.

Mafarin kogin yana cikin duwatsun kudancin Gini, dab da iyakar Saliyo, kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika. Da ya gangara yamma da tafiyar 'yan kwanaki ta kai ruwansa teku. Maimakon haka sai ya ba teku baya, ya nufi arewa maso gabas, ya doshi hamada. A cikin Gini yakan karɓi ruwan Niyandan da Milo da Tinkiso, ya shiga Mali ya haɗu da Sankarani, ya ratsa Bamako da Kulikoro da Segu, ya bazu a Fadamar Masina inda Kogin Bani ke iske shi a Mofti, har ya je gab da Tambutu, inda rairayin Sahara ke saukowa bakin gaɓa. Daga nan ya miƙe gabas, ya kutsa ta wani matsatsin dutse a Tosaye, sa'an nan ya karya kwana ya fuskanci kudu maso gabas. Ya wuce Gawo, ya shiga Nijar ta yankin Ayoru da Tilaberi, ya ratsa Yamai, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Binin har Gaya, ya faɗo Nijeriya ta Jihar Kabi. A nan Gulbin Sakkwato ke kawo masa ruwan Rima da Zamfara. Bayan Yawuri da Kainji da Jaba sai Kogin Kaduna ya shigo a ƙasar Nufe, a Lakwaja kuma ya gamu da Binuwai, wanda ya taso daga tuddan Adamawa na Kamaru ya yi tafiyar kilomita 1,400. A lokacin cika ruwan da Binuwai ke kawowa Lakwaja yakan fi na Kwara kansa yawa. Daga Lakwaja sai kudu sosai, ya wuce Anaca, ya rabu gida biyu a ƙasan Abo, watau Nun da Forkados, waɗannan su ma su yi ta rarrabuwa har teku.

Me ya sa kogi zai yi irin wannan doguwar kewaya kamar baka? Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, a da koguna biyu ne dabam-dabam. Na sama yana tasowa daga Gini ya ƙare a wani babban tafki a yankin Tambutu, lokacin da Sahara take da dausayi. Na ƙasa kuma yana tattara ruwansa daga duwatsun hamada ya gangara kudu. Daga baya ruwan na sama ya sami hanya ta Tosaye ya zuba cikin na ƙasa, suka zama ɗaya. Shaidar wancan zamani tana nan a busassun kwaruruka na gabashin kogin, irin su Tilemsi a Mali da Dallol Boso da Dallol Mawri a Nijar. Duk wanda ya san ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi ya san yadda ruwan rijiya ke kusa a cikin Dallol Mawri, to, tsohuwar hanyar kogi ce ake noma a kanta.

Wannan kewaya ta daɗe tana rikita marubuta. Ibn Baɗuɗa, wanda ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya ɗauka Nilu ne. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da Liyo na Afirka, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa yamma kogin ke gudu. Sai a watan Yuli na 1796 Mungo Park ya tsaya a Segu ya ga gabas yake yi, ya komo a karo na biyu ya halaka a Busa a 1806. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Kilafatin taswirar ƙasashen nan da kogin a cikinta, aka buga ta a Landan a 1826. A 1830 ne Richard Lander da ƙanensa John suka bi shi cikin kwalekwale daga Busa har teku. Wannan shi ne abin da littattafan makaranta suka daɗe suna kira gano Kogin Neja, ko da yake Sarkawa da Nufawa da Kakanda da suka tuƙa jiragen ba su taɓa ɓatar da shi ba balle a gano musu.

3.0 Fadamar Masina da Cika Biyu

Kwara kogi ne da ke cin abinci a wuri ɗaya ya yi aiki a wani. A mafarinsa ruwan sama yakan kai milimita 2,000 a shekara, a Tambutu bai cika kai 200 ba, a bakin teku kuma ya haura 3,000 a wasu wurare. Tsakanin Segu da iyakar Nijar kusan babu abin da damina ke ƙara masa in ban da Bani. Ruwan Gini ne yake ɗauke da shi yana ratsa ƙasar fari.

Da ruwan nan ya wuce Segu sai ya iske ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda gangarenta bai wuce 'yan mitoci ba a tafiyar da ta fi kilomita 300. Sai ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, ya fantsama cikin rassa da tafkuna, irin su Debo da Koriyanze, ya shafe fili iyakar ganin ido. A shekarun 1950, da ruwa ke da yawa, filin da ambaliya ke rufewa yakan haura murabba'in kilomita 30,000. A 1984, shekarar da fari ya kai matuƙa, bai kai 10,000 ba. Abubuwa uku ke faruwa ga ruwan a cikin wannan fadama. Rana da ƙasa sukan shanye abin da ya kai sulusinsa zuwa rabi. Ciyawa takan tace shi, laka ta kwanta, ya fito garau. Abu na uku, wanda ya fi muhimmanci gare mu, tafiyarsa takan yi nauyi ƙwarai. Cikar da ta kai ƙololuwa a Bamako cikin Satumba ba ta kai haka a Mofti sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, a yankin Tambutu sai Disamba, a Yamai sai wajen Janairu, sa'an nan ta gangaro Gaya da Yawuri.

Saboda haka ne daga Yamai zuwa Kainji kogin ke cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, ruwanta jajaye ko fari-fari saboda laka. A Nijar rafukan Goruwal da Dargol da Sirba ne ke kawo ta daga wajen Barkina Faso, a Nijeriya kuma Gulbin Sakkwato da 'yan'uwansa. Cika ta biyu ita ce baƙar cika, watau tataccen ruwan Gini da ya kwana a Masina, wanda ke isowa da sanyin hunturu. Ita ce ke raya noman rani da su a lokacin da sauran gulabe suka zama rairayi.

A 'yan shekarun nan ma'aunin cikar biyu ya sauya. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna shi. Amma kuma tun daga wancan fari cikar damina sai ƙaruwa take yi, har ta kai tana fin baƙar cika tsawo a Yamai, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2020. Dalilin bai tsaya ga yawan ruwan sama kaɗai ba. Sare itatuwa da nome ƙasa ba hutu sun sa ƙasar Sahel ta yi fako, ruwa ba ya nutsewa, sai ya kwarara gaba ɗaya cikin ƙorama ɗauke da yashi. Ga ambaliya da damina ga cikewar kogi da rairayi da rani, duka daga tushe ɗaya.

Mutanen Masina sun daɗe da tsara rayuwarsu bisa wannan kari. Masunta Bozo da Somono suna bin kifi, manoma suna shuka shinkafar da ke tsawo tare da hawan ruwa, irin shinkafar Afirka ta asali wadda masana suke ganin a wannan yanki aka fara nomanta, Fulani kuma suna jiran ruwa ya janye su shigo da shanu cikin burgu. Burgu ciyawa ce da ke tsirowa cikin ruwa mai zurfin mita uku zuwa biyar, kuma babu abincin shanu da ya kai ta a duk yankin. Shehu Ahmadu na Masina, wanda ya kafa daularsa a 1818, shi ya tsara burtali da ranakun shiga makiyaya, kuma har yanzu tsallakar da shanu a Jafarabe bikin shekara ne.

4.0 Halittun Kogin

4.1 Kifaye

An ƙidaya kifi kusan iri 250 a Kwara da rassansa, kimanin 20 daga cikinsu ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan. Mafi yawansu ba a tsakiyar kogi suke hayayyafa ba. Da ruwa ya fara hawa sai su bi shi cikin fadama, su yi ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya, su yi girma cikin wata uku ko huɗu, in ruwa ya juya su biyo shi. Faɗin fadamar da ruwa ya rufe shi ne gwargwadon kifin shekara. An ga haka ƙarara a Masina, inda kamun kifi ya faɗo daga kusan tan 90,000 a ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙasa da tan 40,000 a farin 1984.

Giwan ruwa shi ne babbansu, yakan wuce kilo 100, kuma shi ne abin nema a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi a Matan Fada tun 1934. Tsage mafarauci ne mai haƙora a waje. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska, shi ya sa takan jure ruwan da ya kusa ƙafewa, har ta ja jiki a kan laima zuwa wani kududdufi. Bargi yakan share ciyawa ya gina sheƙa zagayayya kamar masussuka ya yi ƙwai a ciki. Wasu irin karfasa kuwa uwar ce ke riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Akwai ƙurungu mai ƙaya, wanda wani irinsa ke iyo a rigingine, da faliya, da kawara, da gartsa mai sulke, da talibamban mai kumbura ciki.

Kifi uku sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Minjirya kowa ya san ta da girgiza wanda ya taɓa ta, domin tana fitar da lantarki mai ƙarfi da take sumar da abin farautarta. Yauni shi ma yana fitar da lantarki, amma mai rauni ƙwarai, wanda hannu ba ya ji. Da shi yake lalube a cikin ruwa mai duhu, yana gane abin da ke kewaye da shi ta yadda abin ya karkatar da lantarkin, har yakan yi iyo da baya ba tare da ya yi karo ba. A kan wannan kifi namu ne Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya fara tabbatar da irin wannan ji a shekarun 1950, ya buɗe wani sabon fage a ilmin halittu. Na uku ita ce gaiwa, mai huhu. In tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da majina da ke bushewa ta zama kamar kwasfa, ta bar 'yar kafa ta shan iska, ta kwanta har ruwa ya dawo. Manomin fadama da ya taɓa tono ta da fartanya a tsakiyar rani bai bukatar a yi masa dogon bayani.

A nan akwai aiki a gaban masu nazarin harshe. Sunayen kifi sun bambanta daga Argungu zuwa Yawuri zuwa Gaya, kifi ɗaya yakan yi suna uku, wani lokaci kuma ƙaraminsa da babbansa kowanne da sunansa. Tsofaffin Sarkawa da Gungawa ne ke riƙe da wannan ilmi, kuma ƙamusoshinmu kaɗan suka kwaso daga ciki.

4.2 Ayu, Dorina da Kada

Ayu dabba ce mai shayarwa, ba ta fita tudu, ciyawar ruwa kaɗai take ci, kuma masana sun nuna cewa a cikin dabbobin tudu giwa ce danginta na kusa. Tsawonta yakan kai mita uku ko fiye. Ana samunta daga Masina har bakin teku, da cikin Binuwai har Tafkin Lere na Cadi. Rauninta yana wajen haihuwa: cikinta shekara guda ne ko fiye, ɗa ɗaya take haifa, sa'an nan ta shekara biyu ko uku kafin ta sake. Dabba mai irin wannan haihuwa ba ta jure farauta, ga shi kuwa ana nemanta don nama da mai da kuma magungunan da aka jingina mata, musamman na farin jini da mallaka. Madatsun ruwa sun raba ta gida-gida, janyewar ruwa da wuri kuma takan bar ta a maƙale a tafki. Tun 2013 aka haramta cinikinta tsakanin ƙasashe.

Dorina ta fi ayu fitowa fili, ta kuma fi ta rigima da mutane. Tana wuni cikin ruwa, da dare ta fito ta ci ciyawar da ta kai kilo 40. A da burgu ya ishe ta. Yanzu da gonakin shinkafa suka maye gurbin burgu, abin da ta samu shi take ci, shi ya sa rikici tsakaninta da manoma da masu jirage ya yi tsanani a yankin Ayoru, har gwamnatin Nijar ta keɓe mata wurin zama a 2017. A Nijeriya ta ragu ƙwarai, saura 'yan garke a Kainji da Binuwai da Gongola. Abin lura ne cewa a Bambaranci sunan dorina mali, kuma akan fassara sunan Bamako da rafin kada. Kadan da aka fi gani a yankinmu an daɗe ana ɗaukarsa ɗaya ne da na Nilu, sai binciken ƙwayoyin gado na 2011 ya nuna jinsi ne dabam, ya fi ƙanƙanta, bai kuma kai na Nilu faɗa ba. Watakila wannan ne ya sa garuruwa da yawa suka iya zama lafiya da kadannin tafkinsu har suna girmama su. Tare da su akwai guza da kififiya da mesa a cikin ciyayin gaɓa.

4.3 Tsuntsaye

A lokacin hunturu Fadamar Masina takan tara tsuntsayen ruwa miliyan uku zuwa huɗu, saboda haka aka sanya ta cikin jerin dausayin duniya na Yarjejeniyar Ramsar, an kuma faɗaɗa rajistar ta game fadamar duka a 2004. Wasu 'yan gida ne, kamar dinya da kirinjijiya da balbela da kwasakwasa da gauraka. Sauran baƙi ne daga Turai da yammacin Asiya, agwagin daji da zalɓe da ƙananan tsuntsaye masu dogon baki, waɗanda ke tsallake Bahar Rum da Sahara su sauka daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa yana barin laka cike da abinci. Masu nazarin tsuntsaye a Holan sun lura cewa yawan wani jan zalɓe da ke sheƙa a ƙasarsu yakan faɗi a shekarar da ta biyo bayan ƙarancin ambaliya a Sahel. Watau mai ƙidayar sheƙa a Turai yana iya faɗin yadda damina ta kasance a Gini. Gauraka kuwa, wadda dattawa suka saba gani a fadamun ƙasar Hausa, ta kusa ɓacewa a Nijeriya saboda kamu don ajiya a gidajen masu hali da kuma nome fadamun da take ƙwai.

4.4 Namun Tudu da Neja Delta

Kudu da Yamai kogin ya yi lanƙwasa mai kama da harafin W na boko, daga nan gandun dajin da aka kafa a 1954 ya sami sunansa. Gandun ya ratsa Nijar da Binin da Barkina Faso, kuma shi da maƙwabtansa Arli da Panjari su ne mafaka mafi girma da ta rage wa giwa da zaki a Afirka ta Yamma, ban da ɓauna da gwanki da kanki da maraya. Rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya hana ma'aikata shiga sassa da yawa na dajin. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai garken ƙarshe na raƙumin dawan Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal, amma da aka hana farauta aka kuma jawo mutanen ƙauyuka cikin tsaronsu, sun haura 600. A Nijeriya akwai Gandun Dajin Tafkin Kainji na 1979, mai sassa biyu, Borgu da Zugurma.

Neja Delta duniya ce dabam. Nan ne dajin itatuwan ruwan gishiri mafi faɗi a Afirka, masu saiwoyi a sama kamar ƙafafu, inda kifin teku da jatan lande ke renon 'ya'yansu. A dazuzzukan fadamarsa akwai wani jan biri da masana ba su san da shi ba sai 1993, ga shi har ya kusa ƙarewa. Tun da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956 malalar mai ke kashe wannan daji, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ƙiyasta cewa gyaran ɓarnar zai ci shekara 25 zuwa 30.

5.0 Madatsun Ruwa da Rabon Kogi

Babu mai musun amfanin madatsun ruwa. Markala, wadda aka gama a 1947, ita ke shayar da gonakin shinkafa da rake na Ofishin Neja a Mali. Selinge a kan Sankarani tana ba Bamako wuta. Kainji, da aka gama a 1968, ta daɗe tana cikin ginshiƙan lantarkin Nijeriya, Jaba ta biyo ta a 1985, Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990. Lagdo tana kan Binuwai a Kamaru tun 1982, kuma sakin ruwanta yana cikin abubuwan da ake ambata duk lokacin da aka yi babbar ambaliya a Nijeriya, kamar ta 2012 da ta 2022. Kainji ta tashi mutum fiye da 40,000, tsohuwar Busa ta nutse, tafkin da ya samu ya zama babbar masunta, amma fadamun da ke ƙasa da ita sun rasa ambaliyar da suka saba samu, kifi da noman fadama suka ja baya. Haka manoman Rima suka gani bayan Bakolori da Goronyo. Ruwan da aka tsayar kuma yakan zama gidan katantanwa mai yaɗa tsargiya, da wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda ke toshe hanyar jirage da mashaya. Tamu kainuwar dashen Allah ce, wannan kuwa mutum ne ya kawo ta.

Tun da kogin na ƙasashe da yawa ne, dole a yi zaman rabo. An kafa hukumar haɗin gwiwa a 1964, aka sake mata fasali a 1980 ta zama Hukumar Kwarin Kogin Neja, mai mazauni a Yamai da ƙasashe tara: Gini, Kwaddebuwa, Mali, Barkina Faso, Nijar, Binin, Nijeriya, Kamaru da Cadi. A 2008 suka sa hannu a kan yarjejeniyar ruwa. A wannan shekarar ce kuma Nijar ta aza harsashin madatsar Kandaji a arewacin Tilaberi, aikin da ya sha tsaiko, Gini kuma ta daɗe da shirin gina ta Fomi a kan Niyandan.

A ganina, inda ya kamata masana su sa ido shi ne irin alkawarin da akan yi wa na ƙasa in za a gina madatsa a sama. Kusan kullum alkawarin na ruwan rani ne, watau ba za a bar kogi ya ƙafe ba. Kandaji, alal misali, an tsara ta ne don ta tabbatar wa Yamai da ruwa a watannin bazara, kada abin da ya faru a 1985 ya sake aukuwa, kuma wannan bukata ce ta gaskiya. Amma madatsa da ruwan cika take cika tumbinta, daga ƙololuwar ambaliya take ɗiba. A ƙasa mai gangare wannan ba wani abu ba ne. A Masina kuwa, inda ƙasa take kamar faifai, in tsawon cika ya ragu da santimita 30 kawai, filin da zai kwana a bushe ya kai dubban murabba'in kilomita, tare da burgunsa da shinkafarsa da wurin ƙwan kifinsa. Kuma duk abin da aka rage a Gini ko Markala, daga cikin baƙar cikar da Tilaberi da Yamai da Gaya da Yawuri ke jira a watan Janairu aka rage shi.